Suna Ba Ya Yanka Icce: Nasiha Ga Matasa Masu Injin Yanka

Duk ranar Talata, idan kasuwar Mafara ta cika ta batse, ba ka rasa saurayi tsaye gaban mai sayar da kayan inji, an jera masa kwalaye uku ko huɗu, kowanne da sarƙa a naɗe tana ƙyalli. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya auna nauyin waccan a tafin hannu, daga ƙarshe ya yi tambayar da kowa ke yi: “Alhaji, wacce ta fi ƙarko?” Mai shago kuwa ɗan kasuwa ne, sau da yawa amsarsa tana bin inda ribarsa take. To, da wannan saurayin nake son magana yau, shi da 'yan'uwansa na Dakko da Bakura da Maradun da suka rungumi injin yankan icce a matsayin hanyar abinci. Ƙannena, ku ba ni aron kunnuwanku, domin idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sana'ar tana da kasuwa, wannan ba a musu. Mai lambun mangwaro a gefen ruwan Bakolori yana so a rage masa rassa. Masassaƙi yana neman guntun da zai fafe turmi. Mai gini yana jiran katako da azara. Iskar farkon damina ta kayar da dogon yaro a kan katangar wani, ana neman mai sassare shi kafin dare. Aikin da gatari zai kwana biyu yana yi, inji yana gama shi kafin a kira azahar. Amma ga inda gizo ke saƙar: inji sau ɗaya ake sayensa a daɗe ana mora, sarƙa kuwa, wadda bakanikai ke kira cen, kullum ci take yi daga aljihunka. Ta nan ribar yawancin matasa ke zurarewa ba su sani ba.

Ni ma na yi yaron inji a ƙuruciyata, kuma sau biyu sarƙa ta karantar da ni. Na farko, na sayi wata a rabin kuɗi, kwalinta ɗauke da sunan wani babban kamfani na Turai, ina ta murna na yi wayo. Tun kafin rana ta take, na ɗaure ta ya fi a ƙirga, ta miƙe har abin ɗaurin ya ƙure, haƙora biyu suka ɓalle. Jabu ce, sunan kawai aka ara. Na biyu ya fi ciwo. Maigidana ya ba ni sabuwa gangariya, na dosa wani busasshen marke da gara ta yaɓe da ƙasa tun daga gindi har sama da kaina, ban kankare ba na kafa masa inji. Cikin 'yan mintoci ta dakushe, sai hayaƙi da gari. Na dawo ina zagin kamfani. Maigida ya karɓa, ya shafa haƙoran da babban yatsa, ya dube ni ya ce: “Yaro, cen ɗin ga ba shi da laihi, hannunka ad da laihi.” Duk abin da zan faɗa muku yana tsakanin waɗannan ranaku biyu: akwai sarƙar da aka haifa da ciwo, akwai kuma lafiyayya da mai ita ya kashe.

Bari mu fara da sanin abin da muke saya. Haƙorin sarƙar da kuke gani, mai lanƙwasa kamar ƙugiya, ɗaya na duban dama ɗaya na duban hagu, wani ma'aikacin daji ne a Amurka mai suna Joseph Cox ya ƙirƙiro shi. Yana faskare wata rana ya ga tsutsar da ke cin icce, ya tsaya ya lura da yadda muƙamuƙanta ke fafe katako daga gefe zuwa gefe ba gajiya. Ya kwaikwayi bakin tsutsar nan da ƙarfe, a 1947 ya fara ƙera sarƙar a gidansa da ke birnin Portland. Daga nan kamfanin Oregon ya samo asali, kuma kusan duk sarƙar da ke kasuwa yau, ko ta wane kamfani ce, jikanyar waccan ce. Saboda haka a tsarin asali duk ɗaya suke. Bambancin yana cikin abin da ido ba ya gani a shago: irin ƙarfen, yadda aka gasa shi ya yi tauri, kaurin kurom ɗin da aka shafa a bayan haƙori, da ingancin ƙananan ƙusoshin da suka harhaɗa gaɓoɓin. Kurom shi ke riƙe kaifi. Ƙusoshin kuwa su ke hana miƙewa, domin abin da muke cewa sarƙa ta miƙe, ba ƙarfen ne ya ja kamar roba ba, ƙusoshin ne da ramukansu suka cinye juna, kowace gaɓa ta ɗan saki, sakin ya taru ya zama tsawo.

Manyan sunaye uku za ku fi ji. Akwai Stihl, na Jamus, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926. Shi ke ƙera sarƙarsa da kansa, a masana'antarsa da ke ƙasar Suwizalan, kuma babban injinsa mai lamba 070 ya daɗe yana sarautar dazukan Afirka ta Yamma wajen tsaga katako. Abin da na gani, wanda kuma masu aiki da yawa ke faɗa, shi ne sarƙarsa tana da tauri, tana jimawa da kaifi, ba ta saurin miƙewa, amma tana da tsada kuma tana cin magagari. Akwai Oregon, wadda ke yi wa kusan kowane irin inji sarƙa. Tata ta fi daɗin wasawa, kuɗinta yakan ɗan sassauta, ko da yake wasu na ganin tana riga waccan neman magagari. Sai Husqvarna na ƙasar Suwidin, tsohon gida da ya fara da ƙera bindigogi tun 1689, ya shiga harkar injin yanka a 1959, a 2016 kuma ya fito da sarƙarsa mai suna X-Cut daga masana'antarsa. Za ku kuma ji tsofaffin ma'aikata suna ambaton Dolmar, kamfanin Jamus da ya fito da injin yanka mai fetur a 1927, wanda Makita na Japan ya saye a 1991.

Gaskiyar da mai shago ba zai gaya muku ba ita ce, tsakanin waɗannan manya, idan na asali ne, tazarar ba ta kai yadda ake gardama a kanta a majalisa ba. Babban rami yana tsakanin na asali da jabu. Kuma ku bambanta abu biyu. Akwai sarƙar China mai ɗauke da sunan kamfaninta, ba ta ɓoye asalinta ba. Cikinsu akwai masu dama-dama, musamman ga ƙananan injuna masu lamba 5200 da 5800 da suka cika kasuwa, ga wanda aikinsa bai wuce sassabe rassa ba. Wannan ka san abin da ka saya, ka biya daidai da shi. Akwai kuma wadda ta sa rigar wani, ta ari suna da launin kwali. Ita ce annoba, domin wanda ya yi ƙarya a suna ba zai yi gaskiya a ƙarfe ba. Ku duba rubutun da aka buga a jikin gaɓoɓin, na asali yana fitowa tsaf, iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ku duba kan ƙusoshi, ko sun zauna sumul ko kuwa wani ya karkace. Ku riƙe ta a kwance ku ga ko tana lanƙwasa gefe fiye da kima. Farashi ma shaida ne, idan an ce maka ta Jamus ce a kuɗin ta China, ka san ruwa ba ya tsami banza. Mafi alheri, ka riƙe mai shago ɗaya da ka yarda da amanarsa, a Mafara ne, ko Gusau, ko Kano, wanda zai iya kallon idonka ya ce maka wannan ta asali ce, wannan kuwa mai bi mata ce.

Kafin suna ma akwai awo, kuma nan ne jahilci ke cin kuɗin mutane. Kowace sarƙa tana da lambobi uku. Na ɗaya, tazarar gaɓoɓi: ƙananan injuna sukan ɗauki .325 ko 3/8 na inci, babba irin 070 yana ɗaukar .404. Na biyu, kaurin ƙafar da ke gudu cikin kwarmin dogon ƙarfen nan mai kama da takobi: milimita 1.3, ko 1.5, ko 1.6. Na uku, yawan ƙafafun, wanda shi ne tsawonta. Idan ka sa siririyar ƙafa a faffaɗan kwarmi, sarƙa za ta riƙa rawa, yanka ya karkace, takobin ya lalace. Galibi an buga lambobin nan a gindin takobin injinka. Ka kwafe su a takarda ka sa a aljihu, ko ka tafi kasuwa da tsohuwar sarƙar a ƙirga ƙafafunta a gabanka.

Sai siffar haƙori, wadda a ƙasarmu ta fi sunan kamfani muhimmanci. Akwai mai kusurwa tsaye, mai tsini kamar bakin kurfi, akwai mai kusurwa a zagaye. Mai tsinin ya fi gudu a ɗanyen icce mai tsabta, shi ya sa yake burge matasa. Amma da zarar tsinin ya haɗu da yashi, ya tafi, sauran haƙorin kuma ba ya aiki sai da shi. To ina icce mai tsabta a wajenmu? Hunturu yana cusa ƙura a kowace tsagar ɓawo. Gara tana ɗaukar ƙasa ta hau da ita jikin bishiya har cikin ɓargonta. Kututturen da ambaliya ta kwantar a fadama cike yake da rairayi. Dogon yaron bakin titi kuwa ba ka san ƙusa nawa masu allon talla suka buga masa ba, ko wayar da aka ɗaura masa shekara goma da ta wuce, icce ya haɗiye ta. Ga ƙirya da marke masu taurin tsiya, ga giginya mai baƙaƙen jijiyoyi da ke cin ƙarfe. A irin wannan wuri mai zagayayyar kusurwa ce abokiyar tafiya. Tana ɗan jinkiri, amma tana jure datti, kuma ta fi sauƙin wasawa ga mai koyo. Sarƙar Oregon mai zagayayyen haƙori za ta fi ta Stihl mai tsini jurewa har yamma a kan busasshen icce mai gara, haka ma idan aka juya sunayen. Kun ga ashe ba suna ke yanka ba.

Yanzu ga makasan sarƙa uku. Na farko ƙasa. Taɓa ƙasa na ƙiftawar ido ya isa ya dakusar da sarƙar da aka wasa yanzu, domin tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kowane haƙori zai sha yashi sau da yawa kafin ka ɗaga hannu. Ka ɗora guntu a kan wani guntu kafin ka yanka. Ka kankare ɓawo da gidan gara da adda a inda za ka sa baki. Minti biyu da adda sun fi rabin sa'a da magagari.

Na biyu ƙishirwar mai. Na san abin da yawancinku ke zubawa: baƙin man da aka juye daga mota ko janareta, don kusan kyauta ne. Man nan ya gama aikinsa, cike yake da ɓurɓushin ƙarfe da toka, ba ya manne wa sarƙa, yana toshe famfon mai, yana cin ƙusoshi da kwarmin takobi, ga illa ga fatar hannunka. Masu ƙera injunan da kansu sun hana shi. Idan man sarƙa na musamman ya gagara, sabon man inji mai tsabta ya fi tsohon nesa ba kusa ba. Kafin fara aiki, ka nuna kan takobi ga wani kututture ba tare da ka taɓa shi ba, ka ɗan ba shi wuta. Idan ka ga layin mai ya fesu, to. Idan babu, kashe ka duba. Ƙarar inji ba ita ce lafiya ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Na uku mugun wasawa. Kowace tazara da magagarinta: .325 tana son mai milimita 4.8, .404 tana son 5.5, ita kuwa 3/8 tana tsakanin 5.2 da 5.5 bisa ga kamfani. Don yanka icce a gicciye, ana karkata magagari kamar digiri 30. Don tsaga katako a tsaye, kamar digiri 10. Ka tura daga ciki zuwa waje, kada ka goga da dawowa, kuma kowane haƙori ya sami turi daidai da ɗan'uwansa, in ba haka ba inji zai riƙa janka gefe ɗaya. Gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da ke ƙayyade zurfin cizo, ƙa'idarsa ya gaza haƙori da kamar milimita 0.65. Wasu matasa suna goge shi gaba ɗaya wai don inji ya ci da yawa. Zai ci kuwa, amma da fizga da girgiza, ya tsattsage ƙusoshi, wata rana ya ci mai shi. Kada ka jira sai sarƙar ta mutu murus. Turi biyu ko uku duk lokacin da ka tsaya zuba fetur ya fi turi ashirin da yamma. Alamar kuwa a ƙasa take: kaifaffiyar sarƙa tana zubar da ɓarɓashi manya-manya, dakusasshiya tana zubar da gari kamar na tuwo. Ka ga gari, tsaya.

Ƙari a kan waɗannan, sabuwar sarƙa takan saki a farkon aiki, sai ka riƙa dubawa kana ɗaurewa. Idan ka tashi daga aiki ka sassauta ta, domin tana tsukewa in ta huce. Ka riƙa juya takobi sama ya koma ƙasa don ya ci daidai. Ƙarfen nan mai haƙora da ke jan sarƙar, sufuroket, ka canja shi bayan kamar sarƙa biyu, don tsohonsa yana tsufar da sabuwa cikin kwanaki. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

To wacce za ka saya? Ba zan zaɓa maka ba, zan ba ka ma'auni, don sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka sami ɗan littafi. Duk sarƙar da ka saya, rubuta sunanta da kuɗinta. Duk tankin fetur da ka ƙona da ita, ja layi ɗaya, har ranar da haƙoranta suka kai alamar ƙarshe da aka zana a bayansu, ko ta miƙe ta ƙi ɗauruwa. Sannan ka raba kuɗin da yawan layukan. A misali kawai, a ce wata ka saye ta naira 10,000 ta yi maka tanki 20, wata kuma 25,000 ta yi tanki 100. Ta farko tana cin naira 500 a kowane tanki, ta biyu 250. Wacce ce mai tsadar? Kuma wannan lissafi bai haɗa da fetur ba, alhali dakusasshiyar sarƙa tana sa ka ƙona mai da yawa a aiki kaɗan, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san fetur ba abin wasa ba ne. Bai haɗa da yinin da ka rasa a ƙauye kana jiran a kawo maka wata ba. Iyayenmu sun riga sun gama lissafin da suka ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Littafin naka zai kuma tona maka asirin kanka: idan sarƙa iri ɗaya ta yi wa abokinka tanki 100 kai ta yi maka 40, ka san inda laifin yake.

Akwai abu biyu da ba a sayar da su a kowane shago. Na farko jikinka. Kada ka yanka da saman kan takobi, nan ne inji ke tsalle ya dawo fuskar mutum cikin ƙiftawar ido, kuma dakusasshiyar sarƙa ko wadda aka goge wa tudu ta fi yin haka. Riƙe da hannu biyu, babban yatsa ya zagaye mariƙi. Kada ka yi aiki da silifas, ko da babbar riga mai lilo, ko bayan ka sha wani abu wai don ƙarin ƙarfi. Ka toshe kunnenka, ka kare idonka, kada kuma ka tafi kai kaɗai. Batun shiga daji mai nisa irin Sububu a wannan zamani kuwa, ba sai na ja muku kunne ba, babu katakon da ya kai rai.

Na biyu itatuwan kansu. Zamfara na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, don hamada na matsowa. Kun ji abin da ya sami madobiya, yadda aka yi ta lodinta zuwa China har sai da aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, abinci ne da kuɗin cefanen iyayenmu mata. Gawo taki ne ga gona, inuwa ga dabba da rani. Ƙiryar da ka kwantar cikin minti goma ta girmi mahaifinka. Ku nemi izinin malaman daji da na masu ƙasa, ku fi karkata ga busasshe da wanda iska ta kayar da wanda aka shuka don katako, irin turare da dogon yaro. Ku dubi maƙwabtanmu na Maraɗi: tun daga shekarun 1980 suka kama sassabin zamani, suna barin tohon kututture a gona suna rene shi, har miliyoyin itatuwa suka dawo a ƙasar da aka fid da rai da ita. Mai injin da ya ƙarar da itatuwan garinsu ya yanke wa kansa sana'a, ko da sarƙarsa ta zinariya ce.

Saboda haka, ƙanena, Talata mai zuwa idan ka tsaya gaban kwalayen nan, kada ka ce wacce ta fi ƙarko. Ka zaro takardarka ka ce: “Alhaji, 3/8 nake so, kauri 1.5, ƙafa kaza, mai zagayayyen haƙori, ta asali. A haɗa mini da magagarinta biyu da galan na mai mai tsabta.” Za ka ga ya gyara zama, ya mayar da wani kwali ƙarƙashin tebur, ya ɗauko wani. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya mayar da kowa gida da yatsunsa goma.